Jawabin Buɗe Baje Kolin Kan Sarki na Tsuntsaye Masu Waƙa



A Ingila aka fara buga kan sarki a 1840, kuma bayan shekara biyar birnin Basel na Suwizalan ya ɗora kurciya a kan nasa. Tun daga nan tsuntsu bai sauka ba. Amurka ta fitar da jerin tsuntsaye masu waƙa guda 10 a 2014, Birtaniya ma ta fitar da 10 a 2017. Duk za ku gan su a bangon nan.

Amma ina roƙonku ku fi daɗewa a gaban namu na 1965 zuwa 1966, wanda Bafaranshe Maurice Fiévet ya zana. Ɓauna aka sa a na fam guda, dorina a na sule goma, gauraka a na sule da taro. Sha-kauci kuwa yana kan na ahu, marai yana kan na kwabo biyu. Wato ƙananan tsuntsaye aka ba kan sarkin da talaka ke iya saya, shi ya sa suka shiga gidajen da ɓauna ba ta taɓa shiga ba. Wannan rabon ya yi mini daidai, domin su ne muke ji kullum da asuba.

Ɗalibai, ku saurara. Kusan rabin nau'o'in tsuntsayen duniya masu waƙa ne, kuma ɗan tsako koyon waƙar yake daga manya. A duwatsun Jos akwai wani baƙin tsuntsu da ke saka ƙwansa a sheƙar wani ɗan ja, ɗansa ya tashi da waƙar masu riƙonsa. Ta bin wannan waƙa ne masana suka gano ɗan jan, suka bayyana shi ga duniya a 1998. Burina in ga su biyun a kan sarkin Nijeriya, kuma ina miƙa wannan koke ga hukumar gidan waya.

Iyayenmu, tsofaffin wasiƙun da ke cikin adaka, don Allah kada a ƙona su, kada kuma a ɓamɓare kan sarkin, domin hatimi da ambulan su ke nuna gari da ranar aikawa. A kare su daga danshi da gara.

Da sunan Allah, na buɗe wannan baje koli.