Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Jawabi Ga Matasan Birniwa Kan Karatun Kyauta Ta Intanet

Wannan shi ne jawabin da wani malamin lissafi ya gabatar wa 'yan uwa matasa a garin Birniwa da ke masarautar Haɗejiya. Akasarin mahalarta manoma ne da masu cajin waya da 'yan acaɓa, da yawansu kuma sun bar aji da daɗewa.

Bayan sallama da addu'a, Malam ya fara da tunatar da 'yan uwa cewa layin dogon da ya taso daga Kano ya ratsa Birniwa ya isa Nguru ne a 1930, kuma babban aikinsa a zamanin Turawa shi ne kwashe gyaɗar talakawa ya yi Kudu da ita. Ya ce yau ga wani layin ya sake ratsa garin, ba a ganinsa da ido, wato intanet. Shi ma wannan layi in aka sake masa, kwashewa zai yi: ya kwashe kuɗin data, ya kwashe dare, ya bar matashi da jan ido. Amma kuma shi ana iya ɗora masa kaya ya kawo har ɗaki, kayan kuwa shi ne ilimi, kuma kyauta.

Malam ya kawo tarihin Muhammadu al-Kashinawi, malamin lissafin nan na Katsina, wanda ya keta sahara ya je Makka, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya kuma rasu a can a 1741. "Shi sai da ya bar gida da dangi," in ji Malam. "Kai kuwa, ɗan uwa, makarantar tana cikin aljihunka, kana kallon ƙwallo da ita."

Daga nan ya yi bayanin makarantun da yake nufi. Ya ce a 2004 wani Ba'amurke mai suna Salman Khan ya fara koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa, a 2008 abin ya zama Khan Academy, inda ake koyar da lissafi tun daga ɗaya da ɗaya biyu har zuwa na jami'a, da kimiyya, ba a biyan ko sisi. Jami'ar MIT ta Amurka ta fara zuba darussanta a fili a 2002. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta buɗe OpenLearn a 2006, musamman domin manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe OpenWHO a 2017 domin darussan cututtuka masu yaɗuwa. Mai son koyon rubuta manhajar kwamfuta kuma akwai freeCodeCamp tun 2014. A nan gida ma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 domin horar da matasa sana'o'in kwamfuta. Ya ce a irin su Khan Academy ba wanda zai tambaye ka sakamakon jarrabawarka, ko ɗan wane ne kai.

To, sai Malam ya ce ya san tambayar da ke zukatan 'yan uwa: mai noman riɗi da gero, ina ruwansa da waɗannan sunaye? Ya ce a saurari misali uku.

Na farko, buhun taki. Ya tambaya ko wa ya san ma'anar 15-15-15 da ake rubutawa a buhun kamfa. Wuri ya yi tsit. Ya ce lambar farko tana nufin kashi 15 cikin ɗari na buhun shi ne naitirojin, sinadarin da ke sa shuka ta yi kore shar. Ke nan buhu mai kilo 50 yana da kilo 7 da rabi. Buhun 20-10-10 yana da kilo 10. Yuriya kuwa kashi 46 ce, wato kilo 23, kusan ninki uku na kamfa, sai dai ba ta da sauran sinadaran biyu da saiwa da ƙwaya ke bukata. "Wannan lissafin ajin firamare ne," in ji shi, "amma wanda bai san shi ba, launin buhu yake saye da daɗin bakin mai shago."

Na biyu, rai. Ya tuna wa 'yan uwa ambaliyar da ta afka wa ƙasar Haɗejiya a 2020 da 2022, ya ce duk inda ruwa ya cika rijiyoyi da masai, gudawa da amai na biyo baya, kuma abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ya ce in ba a samu ƙullin ORS na kemis ba, ana haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan ana hanyar asibiti. In gishiri ya yi yawa, cutarwa zai yi. Ya ce uban da ya san wannan awo, a daren da hanya ta yanke, ya fi ƙarfin a ce masa ɗan ƙauye.

Na uku, sola. Ya ce faranti mai wat 100, in ya sha rana mai ƙarfi awa 5, bai wuce ya tara wat-awa 500 ba, kuma wani abu zai zube a waya da batir. Wanda ya iya wannan lissafi zai san faranti nawa shagon cajinsa ko famfon lambunsa ke bukata kafin ya sayar da akuyarsa.

Malam bai ɓoye wahalhalun ba. Ya ce akasarin darussan da Turanci suke, sabis yakan yi rauni a ƙauyuka, data kuma da tsada. Amma ya ce lissafi ba shi da yare, alƙaluma ɗaya ne ko'ina, kuma bidiyo ana iya tsayar da shi a maimaita sau goma ba ya fushi. Manhajar Khan Academy tana bari a sauke darasi a kalla ba sabis. Akwai kuma Kiwix, mai saukar da Wikipedia a waya a karanta ba data.

Babbar shawararsa ita ce kada kowa ya yi karatun shi kaɗai. Ya ce 'yan uwa sun saba da zaman darasi a zaure, to a yi irin wannan: mutum biyar, waya ɗaya, fanni ɗaya, dare biyu a mako bayan Isha'i, kowa da littafi da biro. A yi karo-karon data, a sa wanda ya fi jin Turanci ya riƙa fassara, kada a wuce darasi sai na baya duka ya gane. Ya ce haka Nana Asma'u ta yi da 'Yan Taru a ƙarni na 19: jaji ta zo ta ɗauki karatu, ta koma ƙauyensu ta sauke wa mata.

Ya kuma yi gargaɗi biyu. Na ɗaya, kallon darasin lafiya bai mai da mutum likita. Wanda ya kama yi wa mutane allura don ya kalli bidiyo, ya ɗauki alhakin rai. Na biyu, duk wanda ya ce a turo kuɗi ko lambar sirrin banki don a ba da gurbin karatun kyauta, ɗan damfara ne. Game da takardar shaida, ya ce wasu wuraren sukan bayar, wasu sai an biya, kuma ba ta maye gurbin ta makaranta. Mai son digiri ko difiloma, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Kwalejin Binyaminu Usman a Haɗejiya, karatun waya zai share masa hanyar cin jarrabawar shiga.

A lokacin tambayoyi, wani magidanci ya miƙe ya ce shi ya ba arba'in baya, kuma ko raba lamba ya manta, yana jin kunyar zama da yara. Malam ya ce masa: "Yaya, waya ba ta yi wa kowa dariya. Ka fara daga inda ka tsaya. Ranar da ka karanta buhun taki da kanka, yaran nan su za su zo zaurenka."

Kafin a yi addu'ar tashi, an rubuta sunayen rukuni huɗu, magidancin nan shi ne ya fara ba da nasa.