Gahawa, Shayi Da Goro: Mu Yi Wa Jikinmu Lissafi



Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 iyayenmu suka riƙa zuwa ƙasar nan neman halaliya, kuma har yau yawancinmu mutanen kasuwa ne da tasha da bakin kogi. Mai irin wannan sana'a kuwa sammako gare shi, ga kai dare. Shi ya sa teburin mai shayi ya zama gidanmu na biyu, gwangwanin Nescafé ya samu wurin zama kusa da madara. To, tambayar da ake yawan yi mana ita ce, shin gahawar nan tana cutarwa? Wasu ma har cewa suke yi ita ke kawo ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa da kewaye.

Jama'a, gahawa ba baƙuwa ba ce a duniya. Asalinta daga Habasha ne, kuma tun ƙarni na 15 mutanen Yaman ke shan ta don su raya dare. Abin da ke hana barci a cikinta wani sinadari ne, kafeyin. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa baligi mai lafiya zai iya shan miligiram 400 a yini ba tare da damuwa ba, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Ƙaramin cokali na garin gahawa yana da wajen 60, kofin shayi kuma 40 zuwa 50. Bincike da dama ma ya nuna masu shan ta daidai wa daida ba su cika kamuwa da ciwon suga da na hanta kamar sauran jama'a ba.

To ina gizo ke saƙa? Wurin tari. Goron da muke ci ma yana da kafeyin sosai. Mutum ya karya da haɗin kauri, ya wuni yana ɓara goro, da la'asar ya sha shayi, da dare ya ce a zuba masa cokali biyu. Ya zarce ƙa'ida bai sani ba. Sai faɗuwar gaba, rawar hannu, zafin ƙirji, jini ya ɗan hau. Kuma sai an yi kamar awa 5 kafin rabin sinadarin ya bar jiki, don haka kofin bayan magariba yana nan yana aiki har tsakar dare. Direbobinmu masu kai kifi da dabbobi kudu, ku ji da kyau: gahawa jinkirta barci take yi, ba ta biyan bashinsa. In ido ya yi nauyi, a faka a runtsa.

Sai batun ƙoda. Manyan masu lalata ƙoda a ko'ina su ne hawan jini da ciwon suga, ga kuma yawan haɗiyar maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ba da izinin likita ba, da aiki cikin rana ba a shan ruwa. Gahawa daidai misali ba ta cikin wannan jeri. Amma mu dubi abin da muke haɗa ta da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin yini kada ya wuce kamar ƙananan cokula 12, mu kuwa akwai mai shanye rabin haka a kofi guda. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a nan, amma sai ka ga lebura ya sha shayi sau uku, ruwa kuwa sai ya tuna, da dare ya bi da ƙwaya biyu don gajiya. Wannan shi ne abin tsoro.

Iyaye mata, shayi da gahawa suna rage wa jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Mai ciki da mai shayarwa su bar tazarar kamar awa guda tsakanin abinci da shayi, yara ƙanana kuma a bar su da kunu da koko. Sannan mu daina kurɓa yana tafasa. A 2016 masana cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi gargaɗi cewa abin sha da ya wuce digiri 65 yana iya jawo dajin maƙoshi.

Ba mu ce a rufe teburin mai shayi ba, ai abincin 'yan'uwanmu ne. Roƙonmu uku ne. Mu ƙirga goro da shayi da gahawa a lissafi ɗaya. Mu rage sukari mu ƙara ruwa. Sannan duk wanda ya haura shekara 40, ko ya ga kumburi a ƙafa ko a fuska, ya je a auna masa jini da suga da fitsari, ko a asibitin tarayya na Nguru ko a asibitin da ya fi kusa da shi. Ciwon ƙoda ba ya sallama, sai ya yi nisa ake jin sa, kuma wankin ƙoda ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.