Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

(Jawabin da aka gabatar a gaban iyaye da matasa a garin Zakirai, Ƙaramar Hukumar Gabasawa)



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku malamanmu, iyayenmu da 'yan'uwa matasa, abin da ya tara mu a yau shi ne batun horar da samari zaman daji da hawan duwatsu, da sanin yadda mutum zai kuɓutar da ransa da na ɗan'uwansa idan ya sami kansa a inda babu gida, babu asibiti, babu mai jin kiransa.

Mun sani wani zai yi murmushi ya ce, ina dutse a Zakirai? Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, gona tana jikin gona, ƙauye yana hango ƙauye, abin da ya rage mana na daji kuwa bai wuce gawo da kuka da ɗorawar da aka bari a tsakiyar gonaki ba. Gaskiya ne, kuma wannan shi ne babban dalilinmu. Yaron da ya tashi a nan bai taɓa yin tafiyar rabin yini ba tare da ya ga rijiya ba, alhali kuwa ba a nan zai ƙare rayuwarsa ba. Gobe zai tafi cin rani, ko karatu, ko bautar ƙasa, ko fatauci, ya shiga kwale-kwale, ya ratsa daji, wani ma ya doshi hamada.

Iyayenmu da kakanninmu sun mallaki wannan ilimi ba tare da sun shiga aji ba. Fataken da suka riƙa kai kaya Gwanja suna dawowa da goro sun yi watanni a hanya, kuma kowane ayari da madugunsa da jagabansa, sun san nisan zango da zango, sun san inda ruwa yake da rani. Alhazan da suka tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Cadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, wasunsu sun yi shekaru kafin su dawo. Da jirgin ƙasa ya zo, mota ta biyo baya, sai wahalar tafiya ta ragu, ilimin ma ya bi ta ya tafi. Mun gode wa Allah da sauƙin da Ya kawo, amma haɗarin hanya yana nan bai gushe ba.

Domin kada a ce tsoratarwa muke yi, bari mu tuna abubuwa biyu da suka faru a kusa da mu. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara, da dama kuma daga yankin Kance ne na jihar Damagaram, watau Hausawa 'yan'uwanmu. Motocinsu ne suka lalace bayan sun bar Arlit, ƙishirwa ta kashe su. Sa'an nan a ƙarshen watan Nuwamba na 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, a cikin Jihar Kano ɗin nan, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗalibai 'yan makarantar Islamiyya, kuma an yi wa jirgin lodi fiye da kima. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ba mu ce horo zai hana ajali ba. Abin da muka ce shi ne, a kowace irin wannan musiba akwai lokacin da mutum ɗaya mai sani zai iya cewa kada a ƙara kowa a jirgin nan, ko kada a tashi da wannan ɗan ruwan guzuri, ko kuma ya iya fito da yaro ɗaya ko biyu da rai. Ko a nan gida ma, wace damina ce take wucewa ba a ji kududdufi ya ci yaro ba?

Irin wannan horo a tsarinsa na zamani ya samo asali ne daga lura irin wannan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani mai kamfanin jiragen ruwa a Ingila, Lawrence Holt, ya lura cewa idan aka nutsar da jirgi mutane suka koma cikin ƙananan kwale-kwalen ceto, samari majiya ƙarfi sun fi saurin mutuwa a kan dattawan matuƙa. Dattawan sun saba da wuya, sun san ana shiga tsanani a fita, su kuwa samarin da zarar abu ya ƙazanta sai zuciyarsu ta karaya. Saboda haka ya haɗa kai da wani malamin makaranta Bajamushe, Kurt Hahn, suka buɗe makarantar da ake kira Outward Bound a gaɓar tekun Wales a 1941, inda ake ba saurayi horon kimanin wata guda a kan ruwa da kan tudu.

Shekara goma bayan haka, a 1951, wani Bature mai suna Alec Dickson ya kafa irinta a Man O' War Bay, kusa da garin Victoria wanda yanzu ake kira Limbe, a lokacin da Kudancin Kamaru take ƙarƙashin mulki ɗaya da Nijeriya. Daga sunan wannan wuri ne aka sami sunan 'yan Man O' War da muke gani a sansanonin masu bautar ƙasa. An riƙa tara malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e daga kowane sashe na ƙasar nan, a sa su iyo a teku, su yi aikin gayya a ƙauyuka, su kuma hau Dutsen Kamaru wanda tsawonsa ya haura mita 4,000. Da Kudancin Kamaru ta rabu da Nijeriya a 1961 sai aka dawo da makarantar Filato. Ita ce Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ta Gwamnatin Tarayya, wadda take da makarantar hawan dutse a duwatsun Shere kusa da Jos, masu tsawon kimanin mita 1,800 daga doron teku, da kuma makarantar ruwa a Apapa ta Legas.

Me ake koya a irin waɗannan wurare? Ana tashin mutum da asuba ya motsa jiki, ya tsallake katanga da taimakon abokansa, ya bi ta kan igiya, ya hau fuskar dutse ya sauko da igiya a ƙugunsa wani yana riƙe masa. Ana koya masa karanta taswira da amfani da kamfas, da kafa bukka, da hura wuta, da agajin gaggawa. Daga ƙarshe a raba su rukuni-rukuni, a ba su guzuri ƙididdigagge, su yi tafiyar kwanaki a ƙasa. A nan ne halin kowa yake fitowa fili, domin kuwa mai son kai ba ya ɓoyuwa idan gorar ruwa ta rage ɗaya, kuma sau da yawa wanda ake rainawa a gari shi ne yake zama madogarar jama'a a kan dutse.

Ga kaɗan daga cikin abin da ya kamata kowane saurayi a Zakirai ya sani tun kafin ya ga Shere.

Na farko, ruwa. A watan Afrilu zafi a ƙasar Kano yana haura digiri 40, kuma mutum yana jure yunwar makonni amma ba ya jure ƙishirwar 'yan kwanaki. Idan mota ta lalace a inda babu gari, a zauna a jikinta a yi inuwa, domin masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutum ɗaya. Idan tafiya ta zama dole, a yi ta da sanyin asuba ko da dare. Ruwan rafi ko na kududdufi a tace shi da ƙyalle a tafasa. Wanda gudawa ta kama a dama masa cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa.

Na biyu, nutsewa. Wanda yake nutsewa yana cafkar duk abin da ya samu, shi ya sa sau da yawa ake fitar da gawa biyu maimakon ɗaya. Wanda bai koyi ceto ba kada ya faɗa. Ya miƙa gora, ko ya jefa igiya, ko jarka marar komai mai murfi a rufe, yana kwance ko ya kafa ƙafarsa a tudu.

Na uku, sarar maciji. Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, tana cikin macizan da suka fi kashe manoma a Arewa, har asibitin Kaltungo a Jihar Gwambe ya shahara da jinyar waɗanda ta sara. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da mutum, a cire masa zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ake da allurar dafi ba tare da ɓata lokaci ba.

Na huɗu, dutse. Ba a hawa mutum ɗaya, ba a kuma hawa sai an sanar da wani inda za a da lokacin dawowa. Tafiyar jama'a tafiyar mafi rauninsu ce. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin a lokacin ƙafa ta gaji, hankali kuma ya koma gida. Idan hadari ya haɗo a sauka daga ƙololuwa, kuma kada a fake a gindin bishiyar da take tsaye ita kaɗai, saboda tsawa.

Yanzu bari mu juyo ga iyayenmu, domin mun ji ƙorafinsu kuma ba mu raina shi ba. Wasu sun ce wannan al'adar Turawa ce, kuma shiri irin wannan kamar rashin tawakkali ne. To, mu dubi hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a shekarar 622 Miladiyya. An tanadi raƙuma biyu tun da wuri. Madina tana arewa, amma aka fara nufar kudu, aka hau Dutsen Sauru aka kwana uku a kogo. Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta haɗa guzuri, Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki a kan sawu, sa'an nan aka ɗauki hayar gwanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, ya bi da su ta gefen teku. Wa ya kai wannan ayari dogaro ga Allah? Kuma wa ya kai shi shiri?

Wasu kuma sun ce ana satar mutane a dazuzzuka, ba za su ba da 'ya'yansu ba. Wannan magana tana kan hanya, kuma mu ma ba mu yarda a kai yaron kowa dajin da ake zargin akwai 'yan bindiga ba. Duk fitar da za a yi sai da sanin dagaci da hakimi da jami'an tsaro, da izinin uba a rubuce. Haka nan muna faɗa da babbar murya cewa babu makami a cikin wannan horo, babu duka, babu wulaƙanci, babu gasar nuna jarumta. Malamin da ya sa yaro a haɗari domin a yaba masa ya ci amana. Lokacin salla kuwa ba ya motsawa saboda tafiya, hasali ma a nan ne yaro zai yi aiki da abin da ya karanta na taimama da ƙasaru da gano alƙibla.

Shawararmu ita ce mu fara da abin da ke hannunmu. Bayan an gama kaka, sanyi ya shigo, a zaɓi samari ashirin daga shekara goma sha biyar zuwa sama, a raba su gida huɗu, kowane gida da babba mai lura. Su yi tafiyar yini a ƙasa, su kwana a fili, su dafa abincinsu da kansu. A nemi ma'aikacin lafiya da 'yan agajinmu su koyar da agajin gaggawa, mata kuma a shirya musu nasu darasin a ƙarƙashin mata 'yan'uwansu, tun da su ne suke tare da yara a gida idan wuta ko ruwa ya yi ɓarna. A roƙi masuntan kogin Haɗeja na wajen Ringim su koyar da iyo a ruwa marar zurfi. A zauna da tsofaffin mafarauta da fataken da suka rage a raye a rubuta abin da suka sani na sawu da taurari da itatuwa, kafin su tafi da shi. Daga nan a kai yaran Dala da Gwauron Dutse a birnin Kano su fara sanin hawa da sauka. Waɗanda suka nuna natsuwa da amana a cikinsu, sai a yi karo-karo a tura biyu ko uku Shere, bisa sharaɗin idan sun dawo za su koyar da na baya.

Ya ku matasa, ku sani wannan aiki akwai gajiya, akwai yunwa, akwai kwanan sanyi. Wanda ya zo neman hoto da kakin ado ya zauna a gida. Ya ku iyayenmu, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, yaran nan kuwa ko mun so ko mun ƙi tafiya za su yi. Muna roƙon duk wanda ya amince ya ba da sunan ɗansa ga shugabannin unguwarsu kafin a kai amfanin gona gida, domin a san adadin da za a yi wa tanadi.

Allah Ya kare mana zuriyarmu a gida da daji, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu dace. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa namu ne, muna neman gafararSa.