Jawabin Malamin Lakwal a Taron Ƙungiya: Maganar Tayoyin Teburan Injin Kafinta



Mai gari, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam. Iyayenmu dattawa, Allah ya ja kwana. Ƴan'uwanmu da sunka zo daga Maraɗi, Yamai, Kano, Legas, Kwatano da Abijan, barkanku da sauka. Waɗanda ba su samu zuwa ba, takardar ga za ta iske su inda suke.

Mu kwamitin ɗakin kafinta anka ɗora wa magana yau. Wataƙila wani ya yi dariya, ya ce malamin lakwal ya tara dattawa don zancen tayar da ba ta fi tafin hannu ba. Ku yi mana haƙuri ku saurara, don kuɗinku ne, kuma hannuwan ɗiyanku ne.

Da guminku anka gina ɗakin nan, anka sayo injin zarto da injin gyaran fuskar katako, don samarinmu su samu sana'ar rani nan gida. Ɗakin mita 4 ne bisa mita 5. Katako mai tsawon mita 4 kuwa, in za a tsaga shi, sai an samu filin mita 8, rabi gaban zarto rabi bayansa. Shi ya sa kowace safiya ake fitar da inji rumfa, da maraice a maida shi ɗaki saboda ɓarayi da ruwan damina. Dole tebur ya samu ƙananan tayoyi, waɗanda masu kanti a Maraɗi ke ce ma rulet.

Bara mun sayo guda 4 mafi araha da munka gani. Cikin wata uku ƙarfen guda ya lanƙwashe, yaro na tsakiyar tsaga. Tebur ya karkace, katako ya dawo da ƙarfi ya buge shi ga ƙirji. Sati biyu ya yi kwance. Allah ya tsare yatsunsa. Laifin namu ne, mu da munka saya ba mu yi lissafi ba. Araha ba ta ado. Ga abin da munka koya daga baya, daki-daki.

Na farko, nauyi. A auna inji, a auna tebur, a ƙara katakon da za a aza bisa. A ce inji kilo 90, tebur kilo 30, katako kilo 30: kilo 150 ke nan. Lissafin da anka koya mana a makarantar horon malamai, wanda muke koya wa yara, cewa zai yi a raba gida 4. To, nan lissafin aji ya faɗi. Daɓe ba ya miƙewa sak, kullum sai ka iske taya guda tana reto, uku ke ɗauke da kayan. Kun san kujera mai ƙafa huɗu tana gurgunta, amma tukunya bisa duwatsun murhu uku ba ta motsi. Saboda haka a raba gida 3: kilo 50 kowace taya. A ƙara rara, a nemi mai ɗaukar kilo 70 ko 80. Mai saye ya tambaya, lambar da ke jikin kwali ta taya guda ce ko ta duka huɗun? Ya lura kuma, in an rubuta lb, wannan ba kilo ba ne. Lb 150 bai wuce kilo 68 ba.

Na biyu, girma. Kano da inci suke awo, Maraɗi da milimita. Inci 3 milimita 75 ne, inci 4 milimita 100, inci 5 milimita 125, kusan haka. Ƙaramar taya, tsakuwa guda ko guntun katako ya isa ya tsaida ta. In ta tsaya ana turawa, tebur sai ya nemi kifewa. Kun ga amalanke da manyan tayoyin mota take keta rairayin Tarka. Kada mu sauka ƙasa da milimita 100; in hali ya yi, 125. Amma mu faɗa muku gaskiya: babu rulet ɗin da ke tafiya cikin rairayin Dakoro, ko nawa anka saye shi. Sai an yi daɓen siminti daga ɗaki har rumfa, a yi ɗan gangare wurin dokin ƙofa.

Na uku, abin da anka yi tayar da shi. Baƙar roba tana da taushi, ba ta ƙara, amma in kaya mai nauyi ya daɗe bisanta sai gefe guda ya lotse. Zafinmu na Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana ƙara lalata ta. Ta ƙarfe zalla ba ta gajiya, sai dai tana cin siminti. Farar nailan mai tauri tana ɗaukar kaya kuma tana da sauƙin kuɗi, amma daɓe mai santsi take so. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce mai bakin poliyuretan, yawanci ja ko ruwan goro. Tana ɗaukar nauyi, ba ta saurin lotsewa, ba ta ɓata daɓe. Launi kaɗai ba shaida ba ne. A dubi kaurin ƙarfen da ke riƙe da tayar. In ya yi kama da na gwangwani, a aje shi.

Na huɗu, birki, kuma nan ne rai yake. Birki iri biyu ne. Wani yana hana taya mirginawa kaɗai, wuyanta na nan yana juyawa, tebur sai ya riƙa rawa ana cikin aiki. Wani yana kulle taya da wuya gaba ɗaya. Na biyun muke so. A taka shi nan cikin kanti, a murɗa da hannu a gani. Tun da hanyarmu miƙaƙƙiya ce daga ɗaki zuwa rumfa, tayoyi biyu marasa juyawa da biyu masu juyawa da cikakken birki sun isa. Sun fi sauƙin tuƙi, sun fi sauƙin kuɗi.

Na biyar, ɗauri. A sayi mai faranti da huji huɗu, a ɗaure da noti da washa har ya fita ɗaya gefen. Ban da ƙusa, don girgizar inji za ta zare ta. A sa tayoyin can bakin kusurwa don gindin tebur ya yi faɗi. Taya mai milimita 100 da ƙarfenta tana ƙara wa tebur kamar santimita 13, sai a rage ƙafafun tebur daidai haka, kada yaro ya yi aiki yana ɗage.

Na shida, ƙura. Tsakanin hazon hunturu da garin katako, boris buɗaɗɗe ba ya daɗewa. A nemi rufaffe. Kada a cika masa man giris, don ƙura yake kamawa. A share daɓe kafin a tura, a duba noti kowane sati. A zaɓi tayar da anka ɗaure sandar tsakiyarta da noti, don in ta mutu a canza ta ita kaɗai.

Yanzu lissafin kuɗi. A ce masu araha jika 4 ne, nagari jika 12. In masu araha na mutuwa sau uku a shekara, jika 12 sun tafi cikin shekara guda, ban da kuɗin mota zuwa Maraɗi, kilomita fiye da 100, ban da ranakun da aiki ya tsaya, ban da magani. Mun kuma ga yadda anka rufe iyakar Najeriya daga 2019 zuwa 2020, aka sake rufewa daga 2023 zuwa 2024, kayan Kano sunka yi wuya. Don haka mu sayi girman da ake samu ko'ina, mu haɗa da guda biyu na ajiya.

Shi injin gyaran fuskar katako da ya fi nauyi, ga wata dabara mai sauƙi. Mai walda ya sa masa manyan tayoyi biyu gefe guda, ɗaya gefen ƙafafun ƙarfe da mariƙi biyu, kamar baro. In an ɗaga ya tafi, in an aje ya tsaya bisa ƙafafunsa, ba ya bukatar birki.

Abin da muke roƙo uku ne. Dattawa su yarda a fara da daɓen siminti kafin komai. Ƴan'uwa mazauna Kano da sauran wurare, wanda zai taimaka kada ya aiko da abin da ya tarar kawai. Ya riƙe takardar ga a aljihu in zai shiga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ya nuna awon. Sannan a kafa doka ga yara: ba a tura inji sai an zare waya, ba a kunna shi sai an taka birki an girgiza tebur an ga bai motsa ba. Wanda ya karya doka ya huta kwana uku.

Yaron nan ya koma bakin aiki, yau ma yana zaune cikinmu. Ba mu so wani uba ya sake jin irin saƙon da babansa ya ji.

Allah ya sa albarka cikin neman kowa, ya maida matafiya gida lafiya, ya ba mu damina mai kyau. Amin.

Wassalamu alaikum.