Manomin da Ya Ƙone Karkiyarsa

Yau za mu duba Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, aya 19 zuwa 21.

Annabi Iliya ya sami Elisha ɗan Shafat a gona yana huɗa. Shanun noma bibbiyu har goma sha biyu suna aiki, shi kuwa yana riƙe da na ƙarshe. Duk manomi ya san mai shanu haka ba matalauci ba ne. Iliya ya yafa masa alkyabbarsa, ya wuce. Elisha ya gane kira ne. Ya roƙi izini ya sallami iyayensa. Sa'an nan ya yanka bijimansa biyu, ya hura wuta da karkiyarsu, ya dafa naman ya raba wa mutane. Ya tashi ya bi Iliya.

Me ya sa ya ƙone karkiyar? Ai da ya jingine ta a gindin rumbu. Amma da ya yi haka, ran da tafiya ta yi wuya, zuciyarsa za ta tuna masa tana nan. Ɗan'uwana, wace karkiya ka ɓoye? Wani ya karɓi baftisma, amma laya tana ƙarƙashin gado, wai ko da ciwo zai zo. Wani ya amsa zai koyar da yara ranar Lahadi, amma da zarar kasuwa ta ci, ba a ganinsa. Taura biyu ba ta taunuwa. A Luka 9:62 Yesu ya gargaɗi mai kama garma da ke waiwaye. Ka taɓa ganin mai huɗa yana kallon baya kunyarsa ta miƙe?

Ku lura kuma da aikin da Elisha ya fara. A 2 Sarakuna 3:11 an san shi da mai zuba wa Iliya ruwan wanke hannu. Mai shanu ya zama bara! Bai raina aikin ba, shi ya sa Allah ya danƙa masa babba daga baya.

A ƙasarmu ma an yi irin wannan. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kai Bishara cikin ƙasa. A 1894 biyu na farko suka rasu. Bingham ya koma gida, ya dawo, zazzaɓi ya sake kora shi, duk da haka bai saki aikin ba. A 1902 abokan aikinsa suka kafa tasha a Patigi. Daga baya kakanninmu masu bishara suka ɗauka, suna noma da rana, suna wa'azi da yamma, har Maganar ta iso ƙauyukanmu.

Wataƙila ka ce, "Ni ba a kira ni in bar gona ba." Gaskiya ne. A Markus 5:19 Yesu ya hana mutumin da ya warkar ya bi shi, ya aike shi gida wurin danginsa. Kiran wani tafiya ne, na wani zama. 'Yar'uwata, idan naki shi ne ki tara 'ya'yanki da dare ki fassara musu Maganar Allah da harshenku, ki yi shi da dukan zuciya. Dattijo, idan naka riƙon kuɗin baiko ne, kada kwabo ya ɓace a hannunka.

Kafin ka kwanta yau, ka faɗa wa Ubangiji sunan karkiyar da ka ɓoye. In laya ce, ka kai wa fastonku ku ƙone ta tare.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka san zukatanmu sukan rabu biyu. Ka gafarta mana, ka ba mu ƙarfin Ruhunka mu riƙe aikin da ka ba mu har ƙarshe. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Ubangiji ya kiyaye ku, sai mun sake saduwa.