TAURARO YA MUTU, LITTAFINSA NA NAN

Wannan shi ne cikakken jawabin da ɗaya daga cikin masu tace labarai na wannan shafi ya yi wa taron 'yan Arewa mazauna Kudu, a kan taurarin ɗan Adam masu binciken iska da yadda ake adana abin da suka auno.



An umurce ni in yi bayani a kan taurarin ɗan Adam masu binciken iska, watau irin kumbon nan da ake harbawa sama don ya riƙa auna iskar da ta lulluɓe duniya. Na san galibinmu a nan fatake ne da 'yan kasuwa da ma'aikata, watakila ma wani ya ce ina ruwan biri da gada. To, a yi mini haƙuri a kasa kunne. Duk wanda ya taɓa ba da bashin goro ko na shanu ya san darajar littafin lissafi, kuma ko da yake daga sama jawabin zai fara, a kan littafi zai sauka.

Taurarin nan suna da yawa, amma ɗaya zan ɗauka mu bi labarinsa, domin aikinsa ya kai ga canja dokokin duniya. Sunansa Nimbus-7. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wadda ake kira NASA, ita ta harba shi daga jihar Kalifoniya ran 24 ga Oktoba, 1978.

YADDA AKE TAFIYAR DA SHI

An ɗora tauraron a kan hanya mai nisan kilomita 955 daga ƙasa, kwatankwacin nisan Ikko da Kano ke nan. Yakan kewaya duniya cikin minti 104, watau kusan sau 14 a kwana guda, yana bi ta ƙuryar duniya ta arewa ya zarce ta ƙuryar kudu, ita kuwa duniya tana juyawa a ƙarƙashinsa. Ta haka babu ƙasar da ba ya leƙawa. An kuma tsara hanyar yadda kowane wuri ya ratsa da rana, zai ratsa shi ne wajen tsakar rana. Dalili kuwa a fili yake: mai son ya san ko kasuwa tana ci ko tana mutuwa ba ya duba ta yau da hantsi, gobe da almuru.

Daga cikin na'urorin awo da ya ɗauka akwai wata da ake kira TOMS, aikinta auna wata iska mai suna ozon. Ita wannan iska tana can sama, mafi yawanta tsakanin kilomita 15 da 35, kuma ita ke tare wani irin haske mai ƙuna da ke fitowa daga rana, wanda ido ba ya gani, amma yana kawo ciwon daji na fata da yanar ido, yana kuma ɓata shuka. Abin mamaki, garkuwar nan ba ta da kauri. Da za a sauko da ita duka a shimfiɗa a ƙasa, kaurinta ba zai wuce milimita 3 ba, kamar kwabo biyu a haɗe. Masana suna kiran wannan kauri awo 300 a ma'aunin Dobson. Na'urar ba ta taɓa iskar da hannu. Hasken rana da iska ta mayar sama take dubawa, ta gwada abin da ya shigo da abin da ya koma, ta nan a gane yawan abin da ozon ya shanye.

Harba tauraro aikin rana ɗaya ne, kiwonsa kuwa aikin kullum ne. A cibiyar Goddard da ke jihar Maryland ma'aikata suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana. Su ke aika masa umurni ta rediyo, su duba ko batirinsa yana cika da hasken rana kafin ya shiga inuwar duniya, su lura da zafin jikinsa da sanyinsa, su tabbatar idonsa yana fuskantar ƙasa sosai. Abin da na'urori suka auno kuwa tauraron yakan naɗe shi a tef da ke cikinsa, sai ya zo saitin wata tashar ƙasa, irin ta Fairbanks a Alaska, ya juye shi cikin 'yan mintocin da zai yi kafin ya ɓace wa tashar. Awon da ya salwanta ya salwanta ke nan har abada, gama iskar jiya ba ta dawowa a sake auna ta.

Akwai kuma wata wahala wadda kowane ma'auni a kasuwar hatsi zai gane. Mudu yakan lotsa, bakinsa yakan cinye, in ba a lura ba sai a ce hatsi ne ya ƙaru alhali kuwa mudu ne ya ragu. Haka na'urar TOMS: wani faranti da take duban rana da shi ya riƙa dushewa shekara bayan shekara. Ba dama a hau sama a goge shi. Sai dai masana su gwada awon tauraron da na na'urorin da ke ƙasa, su lissafa yawan lotsawar mudun, sa'an nan su koma tun daga ranar farko su sake lissafin duk abin da aka auna. An yi haka sau da dama. Shekara ɗaya aka yi wa tauraron tsammani, amma TOMS ta yi aiki har watan Mayu na 1993, kuma juyi na takwas na lissafinta ya fito a 2004, shekara 11 bayan mutuwarta. Da ba a ajiye ɗanyen awon yadda ya sauko daga sama ba, da babu abin da za a sake lissafawa.

RAMIN DA KE SAMA

Yanzu ga inda littafin ya yi ranarsa. Tun 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka yi kashedi cewa wata iska ta masana'antu mai suna CFC, wadda ake ɗura wa firiji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi, tana hawa sama tana cinye ozon. Masu masana'antu suka yi ta musu. A watan Mayu na 1985 sai wasu masana uku na Ingila, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, suka ba da sanarwa cewa a tasharsu ta Halley da ke Antatika, nahiyar ƙanƙara ta ƙuryar kudu, ozon yana zubewa ƙwarai kowane watan Oktoba. Su ma da littafi suka gane, don tun wajen 1957 ake awo a tashar ana rubutawa.

Nan da nan duniya ta tambaya: ina tauraron da ke ratsa wurin kullum? An daɗe ana yaɗa cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa ta NASA ta zubar da awon. Gaskiyar magana ita ce an umurci na'urar ta sa alama a kan duk awon da ya gaza 180, domin ba a taɓa zaton iska za ta yi ƙasa haka ba, an ɗauka kuskure ne. Ta sa alamar, ta ware awon gefe, amma ba a goge shi ba. Haka malaminmu na zaure yake yi in yana kwafar littafi ya ci karo da kalmar da yake shakka: yakan yi mata alama a gefen takarda, ba ya kankare ta, ko Allah zai kawo wanda ya fi shi sani. Saboda awon yana nan, a watan Agusta na 1985 wani masanin NASA, Pawan Bhartia, ya nuna taswirarsa a wani taro a birnin Prag. Tashar Halley wuri ɗaya tak take gani, tauraron kuwa ya nuna ramin ya kai girman nahiya guda, ya kuma nuna yadda ya yi ta zurfi shekara bayan shekara.

Gani ya kori ji. Ran 16 ga Satumba, 1987, aka sa hannu a kan yarjejeniyar Montreal ta rage iskar CFC, daga baya aka hana ta ɗungum, kuma babu ƙasa a Majalisar Ɗinkin Duniya da ba ta shiga ba, har da Nijeriya. Rahoton masana na 2022 ya ce idan aka ci gaba da riƙon alkawari, ozon na Antatika zai koma yadda yake a 1980 wajen shekarar 2066. Ɓarnar shekaru kaɗan, gyaran kusan ƙarni guda.

Tun da tauraro ba ya dawwama, tilas a sami magaji kafin mai riƙo ya faɗi, a gwada mudun sabo da na tsoho. An ɗora wata TOMS a kan tauraron Tarayyar Sobiyet mai suna Meteor-3 a 1991, ta tsaya a Disamba 1994. Ta gaba ba ta tashi ba sai Yuli 1996. Don haka duk wanda ya duba jerin taswirar ramin da NASA ta ajiye zai tarar da giɓi a 1995, kuma babu kuɗin da zai cike shi. A 2004 tauraron Aura ya ɗauki na'urar OMI, ƙirar ƙasashen Holan da Finlan, ta gaji aikin.

HAZON HUNTURU

Wani zai ce Antatika ta yi mana nisa. To, ga abin da ya shafi hancinmu. Bayan TOMS ta Nimbus-7 ta mutu, masana suka gano cewa tsohon awonta yana kuma nuna ƙura da hayaƙi, abin da ba don shi aka ƙera ta ba. Suka koma cikin tef na shekara 14, suka zana taswirar inda ƙurar duniya take tashi. Wani bincike da ya fito a 2002 ya nuna babu wurin da ya kai kwarin Bodele na ƙasar Cadi, arewa maso gabas da Tafkin Cadi. Gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe, iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi garinsa. Kaso mai yawa na hazon nan da ke hana jirgi sauka a Kano, ya fasa mana leɓe, ya kuma biyo mu har Ikko da Badun da Anaca a watan Disamba da Janairu, daga can yake. Daga bisani tauraron CALIPSO na Amurka da Faransa, wanda ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023, ya auna cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma kowace shekara, wajen tan miliyan 27 kuma yana sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, ya zama masa taki.

AJIYA

Ajiyar nan ba jibge tef a ɗaki ba ce. Tef yana ruɓewa, na'urar da ke karanta shi tana tsufa a daina ƙera irinta, mutumin da ya san ma'anar lambobin yana ritaya ko ya rasu. Saboda haka ake juye awo daga tsohon mazubi zuwa sabo, a ajiye kwafi a wurare dabam-dabam, a kuma rubuta bayanin kowace na'ura da ranar da ta yi ciwo da maganin da aka yi mata. Lamba ba tare da bayaninta ba kamar ƙulli ne a bakin zane wanda mai shi ya manta dalilin ƙulla shi.

Ga misali biyu, na samu da na rashi. Nimbus na farko ya tashi a Agusta 1964, bai cika wata guda yana aiki ba. Hotunansa suka kwanta a gwangwanayen fim kusan shekara 50, har wata cibiyar nazarin ƙanƙara da ke jihar Kolorado ta tono su, a 2013 aka fid da faɗin ƙanƙarar tekun Antatika na 1964 daga cikinsu. Amma tef na asali da aka naɗi saukar ɗan Adam a kan wata a 1969, NASA da bakinta ta faɗa a 2009 cewa ga dukkan alamu an goge shi an sake naɗar wani abu a kai. Gida ɗaya ne ya yi duka biyun.

'Yan'uwa, ƙasarmu ma ta shiga wannan fage, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ko da yake shi na ɗaukar hoton ƙasa ne. Ranar harbi akan yi kiɗa da jawabai. Tambayar da ta kamaci ɗan ƙasa mai hankali ita ce ta bayan biki: ina aka ajiye abin da aka auno, wa ke kula da shi, kuma ɗalibi zai iya samunsa? Haka nan littattafan ruwan sama da ake cikawa a filayen jirgi da gonakin gwaji, domin da su ne za a gaya wa manomin da muka baro gida ko damina tana gajarcewa. Awon TOMS kuwa yana nan a rumbun cibiyar Goddard, kyauta ga duk mai intanet. Ku gaya wa 'ya'yanku da ke jami'a, hazon garinsu na shekara da shekaru yana can a rubuce yana jiran mai karantawa.

Nimbus-7 ya yi shiru, gawarsa tana can tana kewaya duniya. Amma waɗanda suka yi kiwonsa sun riƙe amanar abin da ya gani, har da abin da ba su gane ba a lokacin, na baya suka zo suka amfana. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.