Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Sankara da Maganin Gargajiya

Babu kasuwar da a ke rasa mai magani a ƙasar nan, babu kuwa gidan da ba a taɓa jiƙa sassaƙe ko saiwa ba. Wannan al'ada ce ta tun kaka da kakanni, ba nufin wannan jawabi ba ne ya wulaƙanta ta. Abin da ya sa aka ga ya kamata a yi wa hakimai bayani shi ne wata cuta guda, watau sankara, wadda waɗansu ke kira ciwon daji. Gama wannan cuta ba ta jira, duk watan da aka ɓata wajen gwaje-gwaje ita ƙara tafiya ta ke yi.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Sankara takan taso in waɗansu daga cikinsu sun yi ta hayayyafa ba tsayawa, har su zama ƙari. Da fari ƙarin yana wuri ɗaya, sau da yawa ko zafi ba ya yi, a lokacin nan likita yana iya yanke shi mutum ya warke. In an daɗe kuwa, sai cutar ta bi jini ta kai hanta, ko huhu, ko ƙashi. A Nijeriya sankarar nono da ta bakin mahaifa su ne suka fi damun mata.

Lalle akwai magani cikin itatuwa, likitoci ba su musun wannan. A shekarar 1958 waɗansu masana a Kanada suka fitar da maganin vinblastine daga ganyen wani fure na tsibirin Madagaska, daga baya aka sami vincristine cikin furen nan. A shekarar 1958 ɗin kuma Likita Denis Burkitt ya ba da bayanin wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, ana kuwa samunta a ƙasar nan. Vincristine yana cikin magungunan da a ke yi mata, yara da yawa suna warkewa in an kawo su da wuri. Amma fa tace shi aka yi, aka gwada, aka san ma'auninsa daidai da girman jikin majinyaci. Mai jiƙa saiwa a tukunya ba shi da hanyar sanin ko abin da ya ba mutum ya yi kaɗan, ko ya wuce kima.

Hatsarin ya kasu uku. Na farko jinkiri, shi ne kuwa mafi muni. Mace takan ji ɗan ƙullutu a nononta kamar ƙwayar gyaɗa, a yi ta shafe-shafe da tsaga har shekara ta zagayo, sai ya fashe sa'an nan a nemi mota. A shekarar 2018 likitocin Jami'ar Yale ta Amurka suka bayyana abin da suka gani game da mutum 281 waɗanda sankararsu ba ta bazu ba, suka ƙi maganin asibiti suka dogara ga wani magani dabam. Hatsarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka bi likita sau biyu da rabi, na masu sankarar nono kuwa fiye da sau biyar.

Na biyu guba. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam suka sami ciwon ƙoda bayan sun sha wani maganin rage ƙiba mai haɗe da wani tsiro na ƙasar Sin, waɗansunsu suka kamu da sankarar hanyar fitsari. A shekarar 2002 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa magungunan irin wannan tsiro cikin abubuwan da ke jawo sankara. Tsiron nan kuwa ɗan'uwan duman dutse ne, wanda waɗansu ke kira maɗacin ƙasa.

Na uku shan magani biyu a ɓoye. Hanta da ƙoda su ke tace maganin asibiti. In an haɗa musu da jiƙo, yana yiwuwa ƙarfin maganin likita ya ragu, ko kuwa ya taru a jiki ya yi ɓarna. Wani ganye da Turawa ke sha saboda baƙin ciki, mai suna St John's wort, an tabbatar yana rage ƙarfin waɗansu magungunan sankara. Ko tafarnuwa ma, in ta yi yawa, tana iya ƙara zubar jini ga wanda za a yi wa aiki.

Game da maganin kwalba, a sani lambar da hukumar NAFDAC ta ke ba maganin gargajiya ba shaida ba ce ta cewa yana warkar da sankara.

To, hakimi shi ne uban ƙasa, maganarsa tana shiga inda ta likita ba ta kaiwa. Ga abin da a ke roƙo:

1. A gaya wa dagatai da masu unguwanni, duk mai ƙari, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko macen da ke zubar da jini ba lokacin al'ada ba, a kai shi asibiti cikin makon nan. In abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, za a tura shi asibitin koyarwa, kamar na Shika a Zariya, ko na Kano, ko na Sakkwato.

2. A tara masu magani, da wanzamai, da ungozomai, a yi musu magana cikin mutunci. Kada su tsaga ƙari, ko su ɗora masa abu mai ci. Wanda ya tura majinyaci da wuri, hakimi ya yaba masa gaban jama'a.

3. Majinyaci ya tafi wa likita da duk abin da ya ke sha, kada ya ɓoye kome don kunya.

4. A ja hankalin mazaje, gama sau da yawa izini da kuɗin mota a hannunsu su ke.

5. Tun watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa. A taimaka wa ma'aikatan lafiya in sun zo.

6. Malamin hakimi ya riƙa rubuta ranar da aka tura mutum, da ranar da aka ce ya koma, domin da yawa sukan bar magani a tsakiya da zarar sun ji sauƙi.

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Hakimin da ya sa aka kai mace guda asibiti tun ƙarinta bai wuce gyaɗa ba, ya yiwu ya hana 'ya'yanta zama marayu. Allah ya ba jama'a lafiya, amin.